Bazazzagi, Ina Ruwanka da Kukan Mutanen Finlan?

Malam Bazazzagi, bawan gidanmu! Labari ya iso Kano cewa yanzu da an yi sallar isha'i sai ka kulle ɗaki, ka kashe fitila, ka toshe kunne da Maaäet, kundin waƙoƙin da ƙungiyar Tenhi ta ƙasar Finlan ta fitar a 2006. Wai har kana gyaɗa kai kana ajiyar zuciya, alhali ko gaisuwa ba ka iya da harshensu ba. Kai da ko Hausar ma sai mun gyara maka!

Don kada ka ce hassada ce, na saurara. Jita ce marar lantarki ake taɓawa a hankali, sai fiyano ya ɗiga sauti ɗaya ya yi shiru, gogen Turawa ya ja dogon nishi, sarewa ta biyo baya. Can sai muryar wani ƙato ta taso daga ƙasan maƙogwaro, rabi raɗa rabi gunaguni, kamar mai ba da labarin rasuwa a bayan ƙofa. Ba 'yan amshi, ba kirari, ba wurin da za ka miƙe ka yi liƙi. 'Yan ƙungiyar, su Tyko Saarikko da Ilmari Issakainen, ba su san gaggawa ba. Tun 1996 aka kafa ƙungiyar, kuma tsakanin kundinsu Saivo na 2011 da Valkama na 2023 shekara 12 suka yi masoyansu na jira. Na gane abin da ya haɗa ku: nawa.

Su dai suna da hujja. A Utsjoki, can ƙuryar arewacin ƙasar, rana takan faɗi a ƙarshen Nuwamba, ba a sake ganin ƙwayarta sai tsakiyar Janairu. A Helsinki ma, hasken yini a Disamba kusan awa 6 ne kacal. Ga daji, ga tafkuna da suka daskare. Kuma abin gado ne: a yankin Kareliya mata sun daɗe suna rera kuka a wajen jana'iza da ranar kai amarya. To kai wane duhu ne ya same ka a Tudun Wada, ban da na ɗauke wuta?

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, waɗannan masu kukan su ne rahoton farin ciki na duniya ya sa a gaba tun 2018, shekara bayan shekara. Ashe sai ciki ya cika, makaranta kyauta, ɗaki da ɗumi, sannan mutum ke samun sukunin zama ya sassaƙa baƙin cikinsa har ya yi kyau. Kuma ya yi kyau, ban musa ba. Shirun da suke bari tsakanin sauti da sauti gwaninta ce, ba kowane makaɗi ke da wannan haƙurin ba.

Amma kai da bashin mai shayi ke wuyanka, aron damuwa daga Turai almubazzaranci ne. Ka biya shi tukuna. Sannan ka tuna, kuɗin sharata na bara bai iso ba, ga cika-ciki na tafe. Idan ka sake noƙewa, zan sa ka kukan da za a ɗauka a faifai, mu sayar wa mutanen Finlan. Ka san Bakano ba ya barin riba ta wuce.