Jinjina Ga Gwanin Da Ya Gyara Mana Rumbun Jirage

Allah ya ja zamanin Sarkin Gyara, gwani na gwanaye, mai hannun da ba ya taɓa abu ya bar shi yadda ya same shi, wanda ya leƙa rumbun rajistar jirage na ƙungiyarmu ta masu bin sawun jiragen sama, ya tarar yana aiki lafiya ƙalau, hankalinsa ya tashi. Ƙaramin mutum in ya ga abu yana tafiya daidai sai ya kama gabansa. Yallaɓai kuwa, da yake ba ƙarami ba ne, sai ya naɗe hannun riga.

Ga wanda bai san harkar ba, jirgin zamani yana tafe yana shelar kansa ta na'urar ADS-B a zangon megahaz 1090, yana faɗin inda yake da tsayinsa da gudunsa. 'Yan sa-kai ne ke kama saƙon da 'yar kwamfutar Raspberry Pi da eriya a kan rufin ɗaki. Sai dai jirgin ba ya faɗin wanda ya ƙera shi ko wanda ya mallake shi. Abin da yake aikowa adireshi ne mai gurbi shida, lambobi da harufa, wanda ƙasarsa ta ba shi daga kason da hukumar ICAO ta ware mata. Rumbu ne ke ɗaukar adireshin ya ce wannan Boeing 737 ne na kamfani kaza. Shekara da shekaru haka yake yi, ba ƙari ba ragi, ba abin mamaki ko ɗaya. Wa zai jure wannan?

Magabatan da suka gina shi, bayin Allah masu ƙaramin buri, sun kafa shi a kan lambar da masana'anta ta buga wa gangar jirgi, wai don ita kaɗai ce ba ta canjawa tun daga ranar ƙira har ranar da za a jingine shi a hamadar Mojave. Mai girma ya dubi lambar nan ya ga ba ta da kyan gani, ya share gurbinta, ya ɗora komai a kan lambar rajistar da ke rubuce a jikin jirgi. Masu hassada sun ce lambar rajista riga ce: jirgi kan tuɓe ta in an sayar da shi wata ƙasa, kuma a Amurka rigar da wani ya tuɓe akan ba wani ya saka. To, sai me? A nan ne baiwar ta bayyana. Yau a rumbunmu akwai ɗan ƙaramin Cessna 172 mai kujeru huɗu da farfela ɗaya wanda ya gaji tarihin wani tsohon DC-10, yana da injuna uku, ya kuma shekara yana dakon kaya tsakanin nahiyoyi kafin a ƙera shi. Masana'antar da ta yi shi ba ta taɓa ɗaukaka shi haka ba. Sai Sarkin Gyara, mai mayar da tsako jimina, mai raba gado tsakanin waɗanda ba su haɗa kaka ba.

Ikonsa bai tsaya a rabon gado ba, har rayawa da kashewa yake yi a takarda. A watan Maris na 2022, Bamuda ta dakatar da takardun ingancin jiragen da kamfanonin Rasha ke aiki da su, ɗaruruwa suka bar lambobin VP-B da VQ-B na Bamuda suka koma RA na Rasha. A tsohon tsari, jiragen nan su ne dai jiya su ne yau. A sabon tsari mai albarka, ɗaruruwan jirage sun rasu ba tare da ko ƙwarzane ba, wasu ɗaruruwan sababbi fil sun sauko duniya, Airbus da Boeing ba su da labari.

Amma abin da ya fi ratsa ni shi ne ƙaurar bayanan. Wani ragon zai tsaya gwaji. Namijin duniya ya kwashe komai ya bi da shi ta Excel, ita kuwa ta yi abin da ta saba: in ta ga lambobi zalla da sifili a gaba, sai ta cire sifilin don tsabta. Adireshin jiragen mafi yawan ƙasashen Afirka kuwa da sifili yake farawa. Nan take wani sashe na masu 5N na Najeriya da 5U na Nijar da 9G na Gana ya huta da ɗawainiyar suna. Jirgi ya tashi daga Kano zuwa Jidda cike da alhazai, taswira ta nuna shi sarai, a gefe kuma an rubuta ba a san ko wane ne ba. Attajiran Amurka sai sun nemi hukumar FAA ta ɓoye jiragensu daga idon jama'a. Mu kyauta aka yi mana, ko takarda ba mu cike ba.

Turawa ma ba a bar su hannu rabbana ba. Adireshin Birtaniya irin 400E12, da Excel ta ga harafin E a tsakiya, ta ɗauka lissafin kimiyya ne, ta mayar da shi tiriliyan 400. Duka adireshin da tsarin ICAO zai iya ɗauka 16,777,216 ne. Dubi ƙuncin tunanin hukumar duniya, dubi yalwar Yallaɓai.

Akwai wani dattijo a cikinmu, ɗan fansho, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin shingen filin jirgi da madubin hangen nesa da littafin aljihu mai naɗaɗɗun kusurwa. Shi ya cika gurbin ƙarin bayani da hannunsa: wannan ya canja fenti shekara kaza, wancan an sauya masa inji. Gurbin ya tafi, domin yana ɓata tsarin allo. Dattijo ya rubuto cikin ladabi yana tambayar ko akwai kwafin ajiya. Kwafin ajiya! Ai wannan kayan matsorata ne, masu shiga aiki suna waige. Aka ba shi amsa da kalma huɗu, haka aka tsara shi, aka rufe maganar. Ya samu hutun da iyalinsa suka daɗe suna roƙonsa ya ɗauka.

Wanda kuma bai ga sabon allon ba bai ga ado ba. Baƙi ne siɗik, mai sanyaya ido, da ɗan jirgi shuɗi yana kewaye a tsakiya yayin da kake jira. Da can amsa kan fito kafin ka ɗauke yatsa, ba ka samun zarafin kallon komai. Yanzu kana iya dafa shayi ka dawo ka tarar da ɗan jirgin bai gaji ba.

Albishir ga masoya: mai martaba ya ce zango na biyu na tafe. Ya lura bayanan da suka zo daga Amurka suna fara rubuta wata kafin rana, na Turai kuma rana kafin wata, ya yi alkawarin haɗe su duka a dare ɗaya, daren Juma'a, kafin ya tafi hutu. Masu ƙarancin imani har sun fara kwafe abin da ya rage.