Ɗan Wasan da Ya Ƙi Ritaya

A wasan kwamfuta na Out of the Park Baseball, wanda Bajamushe Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, ba ka riƙe sanda, ba ka jefa ƙwallo. Manaja ne kai: ka kwana kana lissafin makomar mutanen da ko haihuwarsu ba a yi ba.

Rigimar tana ƙananan rukunoni. Yaro ya haskaka a Double-A, zumuɗi ya ɗebe ka, ka ɗaga shi Triple-A. Kafin mako biyu ya manta yadda ake dukan ƙwallo. Ka bar shi ya daɗe a ƙasa kuma, in ba ya cikin jerin mutum 40 na ƙungiyarka, dokar Rule 5 ta ba abokin hamayyarka damar sungume shi a Disamba, ko sallama babu.

Ga kuma wani dattijon ɗan wasa ɗan shekara 38. Gwiwa ta tafi, hannu ya yi sanyi, amma ya manne wa benci kamar kaska. Ka sallame shi, tausayi ya hana ka barci. Baɗi sai ga shi ya dawo neman aikin koci.

Ɗauke shi, malam. Albashin ma na ƙarya ne.