Turbo Biyu, Hayaƙi Ɗaya

Honda ba ta sa wa Accord ƙirar 2003 turbo ba, motar nan da ake kira EOD. Abokina ne ya ga kamar Japanawa sun yi rowa, ya tara ribar shagonsa na waya, ya sa aka ɗaura mata. Ranar da ya zaɓa ya nuna wa duniya kuwa ita ce ranar kai amaryar ƙanensa, ni ina gidan gaba, gwaggonni uku suna baya.

Muna hawa titin Zariya ya taka mai, motar ta yi fito ta zabura. Sai wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ayarin da ke bayanmu ya ɓace ɓat. Wani mai adaidaita-sahu ya kamo mu a danja, ya ce, "Alhaji, sauron unguwarku kake kora?" Gwaggo ɗaya ta fara salati, ɗaya ta ce ita dama tun safe jikinta ya ba ta.

Bakaniken farko ya cire tiyon iska, ya ga baƙin mai ya yi dama-dama, ya ce turbo ta mutu. Abokina ya garzaya Ƙofar Ruwa ya sayo wata Baljiyam, har da rancen kuɗina a ciki. Aka ɗaura, hayaƙi na nan. Bakanike na biyu ya ce ringi ne, a sauke inji. Mahaifiyar abokina ta ce baki ne, a daina yawo da motar.

Wani dattijo mai gyaran tireloli ne ya raba gardama. Bai ko tayar da motar ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta da tocila.

"Samari, wa ya huda maka kwanon mai?"

"Baba, wani mai walda ne."

"To shi za ka kai wa gwaggonninka ya ba su haƙuri."

Ya zaunar da mu ya yi bayani. Sandar da ke cikin turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, baƙin mai ne ke sanyaya ta, yana hana ta cinye kanta. Famfon inji ne ke tura man ciki da ƙarfi, amma wajen fita babu mai tura shi, gangarowa kawai yake yi ta bututun ƙasa ya koma kwano. Abin da ke tare shi a gefe biyu kuma ba roba ba ce, wasu ƙananan zobba ne na ƙarfe masu dogaro da matsin iska. In man ya rasa hanyar sauka, sai ya taru, ya tsallake zobban, wani ya bi salansa ya ƙone, wani ya bi tiyon iska.

Mai waldan ya huda kwanon a ƙasa da inda mai yake tsayawa, wato mai saukowa yana karo da wanda ke kwance. Tiyon saukar man ma ya lanƙwashe kamar wuyan raƙumi. Dattijon ya zaro filtar iska ya buga ta a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi har sai da muka ja baya. Filta in ta toshe, in ji shi, turbo na zuƙar iska ta rasa, sai ta zuƙo mai. Ya duba tiyon da inji ke numfashi ta cikinsa, don shi ma in ya toshe haka yake hana mai sauka. Wannan kam lafiyarsa lau.

Aka toshe tsohuwar huda, aka yi sabuwa a sama, aka miƙe tiyo, aka canza filta. Duka kuɗin bai kai na abincin da muka ci a garejin bakanike na biyu ba.

Yanzu abokina yana da turbo biyu, kowacce garau. Ta farkon tana kan kantar shagonsa yana neman mai saye, sai dai shi da bakinsa ya bi majalisa-majalisa yana rantsuwa cewa ta mutu murus. Kuɗina kuwa, ya ce sai an sayar.