Ranar Sunan da Lasifikata Ta Riga Liman Magana

Ina shekara ta biyu a fannin lantarki lokacin da matar Kawu ta haihu. A gidanmu duk wanda ya taɓa riƙe mita sunansa injiniya, don haka ana saura kwana uku suna Kawu ya dire mini tsohuwar lasifika da makirufo, ya ce, "Injiniya, so nake a ji addu'ar nan har bakin titi."

Na ce, "Kawu, ai har bayan gari za a ji."

Na sayo kayana a kasuwar Sabon Gari: transista BC547 guda biyu, resista, da batir mai bolt 9. Na haɗa tagwayen transistan nan da aka koya mana, waɗanda ke raba karent ɗaya a jelarsu, tsarin da Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1936. Karent na jela miliyamfa 1, kowace ta ɗauki rabi. Na ɗora musu lodin resista mai om 4,700, murya ta ninku kusan sau 45. Ya kamata in tsaya nan, amma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Littafi ya ce ninki yana tashi da girman resistar lodi. To me zai hana in sa mai om 100,000? Na sa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Rabin miliyamfa a cikin om 100,000 yana buƙatar bolt 50, ni kuwa 9 ke gare ni. Transistocin suka shaƙe, na yi ta ihun "halo, halo" ni kaɗai har Inna ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Daren jajibere na cire resistocin, na sa madubin karent da BC557 guda biyu, dabarar da ke cikin amfilifaya 741 da kamfanin Fairchild ya fitar a 1968. Wannan lodi yana tare sigina da turjiya mai girma, amma bolt ɗin da yake ci bai kai ɗaya ba. A takarda ninki ya haura 1,000. Na yi rawa. Sannan na jona lasifika mai om 8 kai tsaye a bakinsa, ita kuwa ta zama sabon lodin, ninki ya faɗo wajen 0.15. Wato na kwana ina ƙera na'urar rage murya.

Da asuba na cusa ƙaramin amfilifaya LM386 a tsakani, na ja doguwar waya marar rufi zuwa makirufo, ban gwada ba. An raba goro da dabino, Liman ya gyara murya zai raɗa suna, Kawu ya yi mini alama da ido, na kunna.

Wayar ta zama eriya. Abin da ya ninku sau dubu wata tashar rediyo ce, kuma daidai lokacin talla. Murya ta cika unguwa: wai duk mai fama da basir ya garzayo. Wani dattijo ya shafa ya ce amin, don bai ji farkon ba. Liman ya ture makirufo ya raɗa suna da bakinsa, maroƙi ya ɗauka ya kai har layi na uku ba batir.

Yarinya ta ci suna Fatima. Yaran unguwa kuwa Rediyo suke kiranta, kuma bana za ta shiga sakandare.