Digirin Gishiri daga Jami'ar Gwaggo

Masu cewa Bahaushe ba ya son kimiyya ba su yi mana adalci ba. Muna son ta, son da ya sa ba mu bar ta ta kwana a ɗakin gwaji ba, muka ɗauko ta muka ba Gwaggo riƙo. Yau babu dangin da ba su da zauren WhatsApp, babu kuma zauren da ba shi da farfesa. Ba ya ɓuya: saƙonsa kan fara da "masana kimiyya sun gano", ya ƙare da "don girman Allah ka tura wa mutum goma". Su wane ne masanan? A wane gari suke? Kul! Babba ne ya turo, tambaya rashin kunya ce.

Wannan jami'a ba ta taɓa yaye ɗalibai da yawa kamar a wani dare na farkon Agustan 2014 ba. Cutar Ebola ta shigo Legas a jikin Patrick Sawyer, wanda ya sauka daga jirgi ranar 20 ga Yuli, ya taso daga Laberiya. Tsoro ya cika ƙasa. Can tsakar dare sai wayoyi suka hau ruri: "Kun tashi? Maza a ɗora ruwa a zuba gishiri, kowa ya yi wanka kafin asuba, a kuma kurɓa!" Mutumin da ladan ya shekara yana kira bai ko juya ba, ran nan ƙarfe uku yana tsaye da bokiti. Maigidan da bai san inda ashana take a gidansa ba, a duhu ya lalubo gishiri. Aka tashi jarirai, aka tashi tsofaffi, aka buga wa maƙwabcin da ake gaba da shi ƙofa, don gaba daban, Ebola daban.

Har 'yan boko ba a bar su a baya ba. Su dai nasu wankan da bayani ya zo: "Ba wai na yarda ba ne, amma me za a rasa?" Abin da aka rasa shi ne rai. Jaridu sun ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti, domin gishiri ba ya kashe ƙwayar Ebola, amma ya san hanyar mai hawan jini sarai. Sai da Ministan Lafiya, Onyebuchi Chukwu, ya fito yana roƙon jama'a su ajiye bokiti.

A ƙarshe mutum 20 cutar ta kama a Najeriya, 8 suka rasu, duk a Legas da Fatakwal. Arewa ko leƙowa ba ta yi ba. Ka ce wa Gwaggo haka, za ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "To ka gani! Da ba mu yi wankan ba fa?" Nan gardama ta ƙare. Ba za ta ji labarin Dakta Stella Adadevoh ba, likitar da ta hana Sawyer ficewa daga asibiti, ta kamu, ta rasu. Ba za ta ji na ma'aikatan da suka bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, suna auna zafin jikinsu har kwana 21 ba. Aikin nan ba shi da armashi, ba a tura shi cikin dare.

Abin dariyar ma, cikin waɗanda suka jagoranci wannan aiki akwai ma'aikatan yaƙi da shan inna, wato masu ɗigon nan da a 2003 Kano ta dakatar, aka ce yana hana haihuwa. Mun ƙi ɗigo biyu daga hannun ma'aikaciyar lafiya, mun shanye kofin ruwan gishiri daga bakin wanda ba mu san sunansa ba. A nan dole in tsaya in ce tsoron na Kano ba daga sama ya faɗo ba: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 cikin gwajin maganin Trovan a garin, 11 suka mutu, aka shafe shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai mu tsumman asibiti kaɗai muke gudu. Na waya kuwa rungumarsa muke.

Kada a ɗora wa Gwaggo laifin duka, jami'ar tana da reshe a fadar gwamnati. A Afrilun 2020 shugaban Madagaskar, Andry Rajoelina, ya ɗaga kwalbar wani tsimi na tazargade a gaban kyamara, ya kurɓa, ya ce ga maganin korona. Shugabanni suka yi layi. Kason Najeriya shugaban Gini Bisau ne ya miƙa wa Shugaba Buhari a Abuja cikin watan Mayu. Tazargaden da kakanninmu suka daɗe suna turare da ita sai ga ta ta dawo mana a jirgin sama, da rakiyar shugaban ƙasa. Masu sayar da ita a kasuwa suka ga Sallah ba azumi. Aka kai tsimin cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, ta auna, ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba.

Madagaskar ɗin kanta, a watan Mayun 2021, ta karɓi allurar rigakafi.