Neman Fatawa Daga Italiya Zuwa Ga Shehin Marowata

Zuwa ga taubashina, limamin masu tsimi na ƙasar Kazaure, wanda ya gagari 'yan kamasho tun daga tashar Roni har zuwa Babura.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar Goggo da iyalinka da yadda damina ta sauka, da kuma addu'ar Allah Ya sassauta ƙullin da ke bakin aljihunka ko da sau ɗaya kafin mu bar duniya, ina sanar da kai cewa wata mas'ala ce ta taso mini, wadda na duba cikin dukkan ma'abota ilmin da na sani ban ga mai iya warware ta ba sai kai.

Ka sani majemar da nake aiki a garin Santa Kuroce, a bakin kogin Arno tsakanin Fisa da Filorans, takan rufe ƙofa a watan Agusta kamar galibin masana'antun ƙasar nan, kowa ya nufi bakin teku, har ya zama ranar 15 ga wata ko mai gyaran famfo da wuya ka samu. To, da na ga kuɗin jirgin zuwa gida ya fi ƙarfina bana, sai na ƙudura niyyar in zaga manyan biranen Italiya in ga abin da ke sa mutanen duniya tururuwa, bisa sharaɗi guda, wato kada abin da nake aika wa Inna duk wata ya ragu da ko sisin kwabo. Tun da kuwa adalai sun shaida cewa ka taɓa tashi daga Gwiwa ka je Kano ka kwana, ka komo da kuɗin motarka cif har da tsarabar da wani ya saya, ai wajibi ne almajiri ya durƙusa gaban malaminsa.

Na fara da bin sawun magabata, ko zan sami wanda ya shigo ƙasar nan ba da kuɗinsa ba, sai na sami misali biyu. Na farko Alhasan al-Wazzan, mutumin Fas, wanda ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir da Zazzau. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi Rum kyauta ga Fafaroma, ya gama littafinsa a 1526, aka buga shi a Fenis a 1550, amma fa sai da ya sha tsari a kurkuku aka kuma sauya masa suna. Na biyu ayarin Ibn Jubair Ba'andaluse, waɗanda jirginsu ya fashe a gaɓar Masina suna kan hanyar komowa daga Hajji, har Sarkin Siƙilliya Wiliyam ya biya wa matalautansu ladan masu kwale-kwalen da suka tsamo su. Ka ga ke nan ƙofofin biyu ne, ko a kama ka ko jirgi ya nutse da kai, kuma ban ga wadda ta dace da mai iyali ba.

Babbar mushkila ita ce masauki. Na lura mazhabarka duka a kan rukuni ɗaya aka gina ta, shi ne ka isa gari daidai magariba, ka yi sallama a ƙofar wani wanda kakarsa ta taɓa shan nono tare da kakarka, a share maka zaure, a kawo tuwo, da asuba a raka ka tasha a biya maka mota. A nan kuwa, inda ba a san baƙonka annabinka ba, baƙo shi ke biyan ɗaki, sa'an nan hukumar gari ta ɗora masa harajin kowane dare da ya rintsa. Mutanen Fenis ma suka ga akwai masu wayo irinka da ke shigowa da safe su fice da yamma, sai a watan Afrilu na 2024 suka fara da sa yuro 5 a kan mai wuni a ranakun cunkoso. In ka kwana ka biya, in ka ƙi kwana ka biya. Kada ka ce in nemi masallaci, domin galibin masallatan nan shaguna ne da garejin mota da 'yan'uwa suka gyara, ana idar da lisha a kulle, babban masallacin Rum kuwa, wanda aka buɗe a 1995, don salla aka gina shi ba don minshari ba. Abin da na hango kawai shi ne motar dare, in yi barci a zaune daga Milan zuwa Nafoli, kuɗin mota ya haɗiye na ɗaki. Ina neman ra'ayinka.

Sai mas'alar zama, wadda na san za ta fi ƙona maka rai, kai da kake hawa bencin mai shayi tun hantsi har azahar a kan kofi ɗaya da wani ya biya. A ƙasar nan gahawar da ka sha a tsaye kuɗinta daban, wadda ka sha a zaune daban. In ka shiga gidan abinci, tun kafin ka yi bismilla an rubuta maka kuɗin kujera da burodi. A Rum akwai wata shahararriyar matakala wadda tun 2019 duk wanda ya zauna a kanta zai iya shan tarar yuro 250. Bayin tashar jirgi ma sai ka jefa tsaba ƙofa take buɗewa. Gari guda ne na ji yana da al'adar da za ta dace da ɗabi'arka, shi ne Nafoli, inda mai hali kan sha gahawa ɗaya ya biya biyu, a ajiye ta biyun ga wanda ba shi da ko anini. Na yi alkawari ba zan gaya maka unguwar ba, don tausayin bayin Allah.

Ga kuma wata tambaya ta fiƙihu tsantsa. Kwale-kwalen Fenis da ake ɗaukar hoto a ciki yuro 90 ne na rabin sa'a, amma akwai wani mai kama da shi da ke tsallakar da mutane babban mashigin ruwa a kan yuro 2, kafin ka gyara zama an kai gaci. Shin wanda ya shiga na yuro 2 ya halatta ya ce a majalisa ya shiga kwale-kwalen Fenis, ko kuwa wajibi ne ya bayyana? Ni dai na karkata ga halasci, matuƙar ba a rantsar da shi ba.

Abin da zan faɗa yanzu ka zauna kafin ka karanta. A Rum akwai wani kududdufi na marmara da ake kira Tirebi, inda mutane masu cikakken hankali suke juya baya su jefa kuɗi a ruwa, har abin da ake kwashewa a shekara ya haura yuro miliyan ɗaya, ana ba ƙungiyar agaji ta coci. Na san zuciyarka ta riga ta tafi babin tsintuwa, amma 'yan sanda ba su karanta wannan babi ba, wanda ya sa hannu kamawa ake yi.

Ban ce babu rahama ba. Rum tana da famfunan titi wajen 2,500 masu zubo ruwan sanyi dare da rana fisabilillahi. Ranar Lahadin farko ta kowane wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, har da Kolosiyam, sai dai layin kan cinye walaha. Jirgin ƙasa mai tsayawa kowace tasha ya fi mai gudu araha nesa ba kusa ba, muddin ka tuna ka buga wa tikitin takarda hatimi kafin ka hau. Fizar Nafoli mai tumatir da cuku tana ƙosarwa da kuɗi kaɗan, amma a sauran abinci sai mutum ya yi ta tambaya, domin alade a nan har cikin burodi yakan ɓuya. Rangwamen da na tabbata babu mai ƙwace mini shi ne na ƙasaru, tun da ba zan yi niyyar kwana huɗu a gari ɗaya ba.

Filorans kuwa tana kusa da ni, na leƙa kantunan jaka da takalma, na ga farashin da ya sa na nemi tsari. Ka san fatun awaki da ake jemewa a Kano da yawansu nan ƙasar ake kawowa, saboda haka ba mamaki fatar akuyar nan da ka wuni kana ciniki a kasuwar Babura ita ce ke rataye a bayan gilashi, ta fi ƙarfin mai ita da mai jeme ta baki ɗaya. Hasumiyar Fisa, wadda aka fara ginawa a 1173 ta karkace tun ba a gama ba, yuro 20 ake biya a hau. Don haka katangar gidanka da ta jingina tun daminar da aka yi bikin Yaya, kada ka gyara, ka sa mai gadi da kwanon karɓar kuɗi.

Ina roƙonka ka aiko da jawabi kafin Agusta ya kama, a rubuce ko da murya, amma don girman Allah ban da filashin. Idan akwai mai tahowa, a haɗo mini ƙuli-ƙuli da garin rogo da yaji. Kilishi kuwa kada a wahala, ma'aikatan kwastan ba sa barin nama ya shigo, na kuma san dama ba saya za ka yi ba. Batun kuɗin shara da ke tsakaninmu yana nan a rubuce. A gaida Goggo da Kawu da yara, a ce wa Inna kuɗinta na nan tafe ba ragi. Wassalam.

Naka har kullum,
Taubashinka majemi, daga Italiya.