Kafin Ka Yi Wa Ɗan Burazil Dariya, Shafa Wa Gemunka Ruwa

Tun ban kai ko'ina ba na ji wani ya ja tsaki daga bayan majalisa. “Malam, kuɗin mota ya ninka, buhun shinkafa ya gagari Kundila, kai kuma ka rasa abin da za ka kawo mana sai yadda masu harshen Fotugis ke tuntuɓe da Turanci? Ina ruwan biri da gada?” To, ranka ya daɗe, gyara zama. Ko ka tsallake wannan shafi shinkafar ba saukowa za ta yi ba.

Da ruwanka, tsundum ma kuwa. Kai ne fa kake biyan kuɗin gidan kallo, a tashi wasa ka ƙi tashi sai ka ji abin da Bruno Fernandes zai faɗa wa 'yan jarida. Kai ne ka haddace tarihin José Mourinho tun zuwansa Chelsea a 2004, ka kuma san Cristiano Ronaldo yana ɗan shekara 18 ya sauka Manchester a 2003. José Peseiro kuwa shi ya karɓi Super Eagles a 2022 har ya kai su wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024. Sakamakon wasan ba zan faɗa ba, ban son fama maka miki. Duk waɗannan da Fotugisanci suka buɗe baki, Turanci daga baya suka koya, kamar ni da kai. Ƙasashe 9 ke aikin hukuma da harshen nasu, 6 daga ciki a nan Afirka, Burazil ita kaɗai mutanenta sun haura miliyan 200. Mozambik ma, da Ingila ba ta taɓa mulka ba, tun 1995 ta shiga ƙungiyar Commonwealth, ga shi duk maƙwabtanta 6 da Turanci suke aiki. Mutumin Maputo ko ya so ko ya ƙi, sai ya ci karo da “very” da “too”.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'yan kalmomin nan na ƙara wa magana ƙarfi, irin “sosai” da “ƙwarai” da “matuƙa” namu. Fotugisanci yana da guda ɗaya da ta tare kusan komai, wato “muito”. Ita kamar mai shagon unguwa take: shi ne mai awo, shi ne mai ba da canji, shi ne mai rubuta bashi, da dare kuma shi ne mai gadi. Turanci kuwa ma'aikata ce, kowane tebur da mai shi, in ka kai takardarka teburin da ba nata ba a ce ka dawo gobe.

Duba yadda ake raba aikin. “Muito bom”, abu mai kyau sosai, teburin “very” za ka: “very good”. “Muita água”, ruwa mai yawa, abin da ba a ƙirgawa ne, sai “much water” ko “a lot of water”. “Muitos carros”, motoci da yawa, ana ƙirga su, sai “many cars”. “Muito melhor”, abin da ya fi wani nesa ba kusa ba, nan “very” ba ta da kujera, “much better” ake cewa. In kuma aikatau ake ƙarfafawa, kamar “gosto muito de futebol”, ina son ƙwallo sosai, sai kalmar ta koma can ƙarshe: “I like football very much”. Bawan Allah da ya tashi da kalma ɗaya tak, yanzu an ce ya zaɓa cikin huɗu ko biyar kafin ya rufe baki. Shi ya sa za ka ji “very better”, ka ji “I like very much football”, ka ji “much people”, domin a harshensu “muita gente” tilo ce, ba jam'i ba. Godiyarsu ma “muito obrigado” ce, in tsautsayi ya faɗa wa sabon ɗalibi sai ta fito masa “very thanks”.

Za ku lura kalmar tana sauya riga, “muito” ga namiji, “muita” ga mace. 'Yan'uwana Zazzagawa, ku tsallake wannan layin. Maganar bambanta namiji da mace ce, ban son in ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku.

Duk waɗannan ƙananan raunuka ne, Bature zai gane abin da ake nufi ya wuce. Mai ɓata zumunci ita ce “too”. Mu ƙaddara wani injiniya daga São Paulo abokin aikinsa ya gayyace shi cin abincin dare a Manchester. Uwargida ta wuni a kicin, an jera faranti, an kunna kyandir. Baƙo ya ci ya ƙoshi, ya ajiye cokali, ya dube ta da murmushi har kunne ya ce: “Your house is too big, and you cooked too much food.” A ransa ya zuba yabo: gida kantameme, girki na gani na faɗa. A kunnen uwargida kuwa cewa ya yi gidan ya yi musu yawa, ita kuma almubazzara ce. Sai ta hau ba shi haƙuri, shi kuma ya rasa laifin da aka yi masa. Dalili kuwa, “muito caro” a bakinsa tana iya nufin abu na da tsada sosai, tana kuma iya nufin tsadar ta wuce a saya, murya da fuska ke rabewa. Turanci ya ware “very” ga na farko, “too” ga na biyu. Kuma “too” ƙorafi ce.

Na ga kana dariya har da buga ƙafa. Yi a hankali, yallaɓai, gwano ba ya jin warin jikinsa. Idan ɗan Burazil ya so kambama mutum cewa yake “você é demais”, kalma da kalma: kai ka yi yawa. Ina ka taɓa jin irin wannan? Ranar da ogan ofishinku ya sa hannu a takardar alawus, wa ya miƙe ya ɗaga hannu biyu ya ce “Oga, you too much”? A burokan Najeriya wannan yabo ne tsantsa, kuma daidai yake a wurinsa. Burokan ma ai da gishirin Fotugisanci a cikinsa: “sabi” da “pikin” daga bakin matuƙan jiragen ruwan Fotugis muka tsince su, sunan Legas kansa su suka raɗa. Rigimar tana tashi ne ranar da ka ɗauki wannan “too” ɗin ka shiga da ita jarrabawar Turanci, ko ka rubuta wa wata jami'ar waje cewa “your university is too big and I like it too much”. A Hausa ba ka taɓa rikita “shayin nan da zafi sosai” da “zafin shayin nan ya yi yawa” ba. Na farko hurawa kake kana kurɓa. Na biyu mayar wa mai shayi kake ya sheƙa maka shi. Ana shiga Turanci sai ka manta.

Ga wani can ya ɗaga yatsa, irin waɗanda suka yi kwas na wata uku a Landan suka dawo da laima. “Malam, ni da kunnena na ji Bature na cewa ‘you are too kind’, kuma godiya yake yi.” Gaskiyarka, Alhaji, ka ci maki ɗaya. Amma saurara da kyau, cewa yake alherin ya fi abin da ya cancanta, kamar yadda ake ce maka “ai ɗawainiyar ta yi yawa” alhali ana miƙa hannu ana karɓa. Ga gwaji mai sauƙi. Duk sanda “too” ta zo bakinka, tambayi kanka: har ya hana me? “Too hot to drink”, ya hana sha. “Too expensive to buy”, ya hana saye. In ba abin da ya hana, koma wa “very” ko “really” ka zauna lafiya.

“So” da “such” ba za su ɗauke mu lokaci ba. Masu Fotugisanci “tão” ɗaya gare su, “um dia tão bonito”, sai ɗalibi ya ce “a so beautiful day”. In sifa ce ita kaɗai, “so beautiful”. In da suna biye da ita, “such a beautiful day”. “Enough” ita ma 'yar rigima ce, tana shiga gaban suna tana bin bayan sifa: “enough money” amma “big enough”. Ga shi “bastante” tasu na nufin abin ya isa, tana kuma nufin abin da dama, sai ka ga an rasa wadda za a ɗauka.

Yanzu ga uwar makirci, “quite”. Masu Fotugisanci mutane ne masu son zafafa magana. Abu in ya yi kyau sai su maƙala masa jela, “belo” ya koma “belíssimo”, godiya ta koma “muitíssimo obrigado”. Samarin Luwanda suna da “bué”, har ta tsallaka teku ta zauna a bakin matasan Lisbon, na Maputo kuma suna da “maningue”, duk dai “da yawa” ake nufi. Mai irin wannan baki sai ya kai wa malaminsa ɗan Ingila aikin da ya kwana uku yana yi. Malam ya duba, ya gyara tabarau, ya ce “quite good”. Ɗalibi ya fita yana tsalle, ya kira gida ya ce a taya shi murna. Bai san a bakin mutumin Ingila sau da yawa wannan na nufin “ba laifi” ba, irin “ba laifi” ɗin da surukarka ke faɗa in ta ɗaga atamfar lefe ta ajiye. Da Ba'amurke ne ya faɗa, da murnar ta halatta, don a can “quite good” ta fi kusa da “very good”. Wani abin haushin kuma, shi wannan mutumin Ingilan in ya ce “quite right” ko “quite impossible”, to nan ba ragi, gaba ɗaya yake nufi.

“Pretty” kuma an koya wa ɗalibi cewa kyakkyawa ce, kwatsam ya ji an ce “pretty bad”, ya tsaya yana tunanin yadda abu zai zama kyakkyawa kuma mummuna. A nan “da ɗan dama” take nufi. Mai kashe kasuwa ita ce “hardly”. Fotugisanci na ƙara “-mente” a ƙarshen kalma inda Turanci ke ƙara “-ly”, sai mai gida ya zauna rubuta wa yaronsa takardar shaida, yana son cewa yana aiki tuƙuru, ya rubuta “he hardly works”. Ya gama da shi ke nan. Ya shaida wa duniya da sa hannunsa cewa da ƙyar yaron ke taɓa aiki. “He works hard” ya so faɗa.

Hajiya malama ta ce, “To wannan ai laifin Turanci ne, harshe sai fi'ili. Don me za a ce ‘very cold’ daidai ne amma ‘very freezing’ kuskure, sai dai ‘absolutely freezing’? Don me ‘fast asleep’ amma ‘wide awake’?” Ranki ya daɗe, laifi tudu ne. Ke da kike cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, cike fal? Bari baƙo ya zo gidanki ya ce rigarsa “fara ƙirin” ce, madararsa kuma “sabuwa shar”, mu ga ko yaranki ba su bi shi da dariya har bakin titi ba. Wace doka ce ta ba fari “fat” ta hana shi “wur”? Haka kika ji ana faɗa, haka kika riƙe. “Pitch black” da “brand new” na Bature su ma haka ake riƙe su, kowace da abokiyar tafiyarta.

Saura ɗan zamani da ke latsa waya yana cewa duk wannan surutu ne, ƙamus na nan, manhajar fassara na nan. An riga ka, ɗana. A 1855 aka buga wani littafin koyon hira da Turanci don masu Fotugisanci a birnin Paris, aikin wani Pedro Carolino. Ga dukkan alamu mutumin bai iya Turancin ba. Littafin hira na Fotugisanci da Faransanci ya ɗauko, ya bi shi kalma bayan kalma da ƙamusun Faransanci da Turanci. Abin da ya fito ya ba Turawa dariya har suka sake buga shi da sunan “English as She Is Spoke”, Mark Twain da kansa ya rubuta wa bugun Amurka na 1883 gabatarwa. Har yau ana sayar da shi, a sashen barkwanci. Ƙamus zai ce maka “muito” na iya zama “very” ko “much” ko “too”, iyakarsa ke nan. Zaɓen naka ne, a gaban uwargida, da cokali a hannu.

Tunda duk kun ce kun iya, ga jarrabawa, ba leƙe. Ɗaya: abokinka ya sayi mota ta burge ka, “very nice” za ka ce ko “too nice”? Biyu: tela ya ɗinka maka wando ya ƙi wuce gwiwa, “very small” ne ko “too small”? Uku: maigidanka ya rubuta cewa “you hardly complain”, yabo ne ko suka? Wanda ya ci ukun, “very good”, har da tafi. Wanda ya faɗi kuma kada ya damu, shi ma ina da abin ba shi: “quite good”. Je ka kira gida a taya ka murna.